YADDA ZAKARAN TOSHI YA KAI NI SHIKA

Na san kun saba jina da labaran soyayya da na zaman kishi, to wannan karon ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, tafiya ce na yi da ƙafata. Kuma abin da ya fitar da ni daga gida ba biki ba ne, ba suna ba ne, kaji ne. E, kajin nan dai da kuke kora daga bakin murhu. Kada ku yi mini dariya tukuna sai kun ji ƙarshen zancen.

Tun da na gama sakandare nake kiwon kaji a tsakar gidanmu a cikin birnin Kano. Da sagaru biyu na fara, Inna ce ta ba ni ta ce in rage zaman banza. Allah Ya sa musu albarka har suka kai 23, ban da waɗanda na sayar da waɗanda aka yi wa baƙi farfesu. Wallahi kuɗin da na biya mai buga mini rubutun littafina na farko daga akurki ya fito, kuma lissafina shi ne in sayar da manyan gab da azumi in kai sabon littafina maɗaba'a. Kun ga ke nan kajin nan su ne bankina.

To akwai wanda ake maganar aurenmu da shi, ba sai na faɗi sunansa ba. Bawan Allah ya lura cewa idan ya zo zance rabin hirata ta kaji ce, sai ya ga maimakon turare ko atamfa bari ya burge ni. Ranar wata Juma'a a farkon hunturu sai ga yaro ya shigo rungume da wani jan zakara, dogo, mai zanko a tsaye kamar hular angon sarauta, wai in ji shi a wata kasuwa ya gani ya ce wannan da ni ya dace. Don murna ko mayafi ban tsaya ɗauka ba, na kwance igiyar ƙafarsa na sake shi cikin kajina a take.

Kwana huɗu ya yi yana cara. Ran na biyar na fito da safe na tarar da shi a rakuɓe jikin bango ya saki fukafukai kamar mai sanye da babbar riga, yana buɗe baki yana jan numfashi, kashinsa ruwa-ruwa, kore da fari. Kafin ya mutu wasu uku sun kama. Wata har wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana juyawa kamar mai bori. Ba abin da ban yi ba. Na jiƙa maɗaci, na daka barkono na zuba a ruwa, na sayo kafso mai ja da rawaya na farke na ba su. Ina! Cikin kwana goma kaji 21 suka tafi har da shi gogan, aka bar ni da uku. Kullum da asuba sai in tattara gawa a buhu in ba almajirinmu ya jefar a bolar bayan layi.

Abin bai tsaya a gidanmu ba. Maƙwabciyarmu, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kajinta tara suka bi sahu. Ba ta ce komai ba, amma ta daina leƙo mu, in sun haɗu da Inna a hanya gaisuwar sama-sama ce. Ni kuwa na ɗora laifin duka a kan mai toshi. Ya yi sallama ya fi sau biyar ina cewa a ce ba na jin daɗi, wayarsa ma na daina ɗauka. Har a raina na fara cewa mutumin da kyautarsa ta farko ta share mini akurki, anya ƙafarsa da alheri? Da Inna ta ga abin nawa ya fara wuce gona da iri sai ta ce, "Ke, tashi ki je wajen Gwaggonki ki sha iska. Ita ta san kaji, ta kuma san mutane."

Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ta fi shekara 30 tana aure a wani ɗan ƙauye a bayan Shika, ƙasar Zazzau. Rabona da garin tun ina firamare.

Da sassafe na isa tashar Unguwa Uku, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune, direbobi sun yi cirko-cirko wajen mai shayi. Na samu kujerar gefen taga. Mun wuce Kura, muka shiga filayen Kadawa inda noman rani ya yi kore shar kamar ba a san da hunturu ba, ga kwandunan tumatir an jera a bakin titi. A Kwanar Dangora wata tsohuwa ta shigo da kwandon kaji ta tura ƙarƙashin kujera daidai ƙafata. Da can da na ja ta da hira na tambayi kuɗinsu, amma ranar sai na ɗauke kai, don ko kukan tsako na ji sai ƙwalla ta taru mini. A Tashar Yari na sayi rake da mazarƙwaila na tsaraba, kun san ƙasar Maƙarfi wajen rake ba a magana. Kafin azahar muna Kwangila.

Daga nan na hau ƙaramar bas mai zuwa Samaru da Shika. Can daga nesa ana hango duwatsun Zariya sun yi dishi-dishi cikin hazo. Muka bi ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, na ga 'yan mata sa'o'ina rungume da littattafai suna tsallaka titi, na ce a raina Allah Ya sa wata rana da mu. A Shika na sauka na hau acaba, muka saki kwalta muka bi wata jar hanya tsakanin gonakin da aka girbe, karan masara da na dawa a tsaitsaye, shanun Fulani na kiwo a ciki. Kafin mu isa na zama ja tun daga gira har ɗan yatsa.

Wadda ta fara tarbata abokiyar zaman Gwaggo ce, Bazazzagiya ta asali, muna ce mata Mama. Tana ganina ta rangaɗa guɗa ta ce, "Lale da Kanawan dabo! Yunwa ne ya koro ku?" Na ce, "Haba Mama, mu da muka zo koya muku Hausa, har yanzu 'rigana' da 'motana' kuke cewa." Aka kwashe da dariya, kun san wasan da ke tsakaninmu da Zagezagi ba ya ƙarewa.

Gida ne na ƙasa mai faɗin tsakar gida, rumbuna uku a tsakiya, bishiyar mangwaro a gefe. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne kaji. Sun kai 40, ga zabi, ga agwagi biyu, kowacce gashinta na sheƙi, a cikin wannan hunturun da ya share unguwarmu. Na tsaya sororo har Gwaggo ta fito ta ce, "'Yar nan, mu kika zo gani ko su?"

Bayan na yi salla na ci tuwon masara da miyar kuɓewa, na zauna na zayyane mata komai ina share hawaye. Ta bar ni na gama tsaf, har da maganar ƙafar mai toshi. Sannan ta miƙe ta ce in biyo ta. Muka zaga bayan ɗakuna, can kusa da danga, nesa da akurki, sai ga wani babban kwando a kife an ɗora masa dutse, da wata farar kaza a ciki ita kaɗai da kaskon ruwanta.

"Kin ga wannan? Masauƙin baƙi ke nan. Ɗan'uwan Malam ne ya kawo mini ita kyauta, yau kwananta tara. Sai ta cika sati biyu cur ban ga tana gyangyaɗi ko zawo ba sannan za ta shiga cikin jama'a. Ko Sarki ne ya aiko mini da kaza nan za ta sauka." Ta dube ni ta ce, "Yaron nan ya sayo zakara yana cara, ina ya san abin da ke cikinsa? Shi ba mai kiwo ba ne. Ke ce mai kiwo. Wa ya kwance igiyar?"

Na sunkuyar da kai. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar sakaliya ta ɗebo tsaba a ƙwarya ta ce in zauna in yi kallo, kada in yi magana. Tana watsawa suka yo ca, amma da na lura sai na ga ashe ba haka kawai suke ci ba, akwai tsari. Wata baƙar daƙwalwa ce a tsakiya, duk wadda ta matso sai ta ɗaga kai kawai, waccan ta ja baya. Gwaggo ta ce sunanta Uwargida, ba ta cika faɗa ba don kowa ya san matsayinta. Ga wata wake-wake da ake kira Mai-Tsiwa, ita ba ta iya taɓa na sama da ita, sai ta bi na ƙasa tana tsattsaga. Can gefe kuma wata 'yar ja ce, Amarya, sai kowa ya ƙoshi take matsowa ta tsinci saura. Saboda irinta ne Gwaggo ke watsa tsaba wuri biyu, ta kuma ajiye kaskon ruwa biyu. Na ce, "Gwaggo, ai wannan gidan kishiyoyi ne sak." Mama daga bakin murhu ta ce, "To ki sa mu a littafi."

A cikinsu na ga fingi mai gashi a murɗe kamar ta fito daga guguwa, da durgu mai gajerun ƙafafu, da masu wuya ba gashi waɗanda da nake ƙyama ina zaton cuta ce, ashe halittarsu ce, kuma sun fi sauran jure zafin bazara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take zaɓen iri. Ni da girma da kyan launi kawai nake dubawa, ita kuwa hali take fara dubawa. Ta nuna mini zakaranta, wani fari da ratsin baƙi wanda ko kusa bai kai nawa kyau ba. Da ya samu ƙwaya sai ya ɗauka ya ajiye yana wani ƙut-ƙut-ƙut har matan su zo, shi bai ci ba. Da inuwar shirwa ta gifta kuwa ya yi wata ƙara, kafin ƙiftawar ido duk 'yan tsaki sun shige ƙarƙashin rumbu. "Irin wannan ake bari," in ji ta. "Wanda ke ture mata ya cinye, ko mai bin yara da sara, tukunya ce makomarsa komai kyansa, don 'ya'yansa ma sukan ɗauko." Zakara ɗaya take bar wa kaji kamar goma, in sun yi yawa faɗa suke yi su kuma tuje wa matan gashin baya. Kuma duk shekara takan yi musanyen zakara da wata ƙawarta a wani ƙauye, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa iri ya lalace, 'yan tsaki su riƙa fitowa ba ƙwari. Shi ma na musanyen sai ya yi sati biyunsa a kwando.

Wajen mata kuma, wadda ta iya kwanci ta iya reno ita ake ajiye 'ya'yanta. Akwai kazar da za ta yi kwana goma a kan ƙwai ta tashi ta yi tafiyarta, akwai wadda ko ka ɗaga ta sai ta sare ka ta koma. Mai-Tsiwa duk da halinta ita ce gwanar reno, an ce har kare ta taɓa kora. Gwaggo ba ta sa wa kaza ƙwai fiye da goma zuwa goma sha biyu, gwargwadon abin da za ta iya rufewa, kuma ba ta sa wanda ya wuce sati da yi. Da gawayi take yi musu alama, don in wata ta zo ta ƙara sabo a gurbin a gane a cire. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kusan sati huɗu, kuma kaza take sa wa na zabin, don zabuwa ba ta da haƙurin reno.

Da daddare ta nuna mini wata dabara. Muka shiga inda wata ke kwanci kwana takwas, ta ɗauko ƙwai ta dunƙule hannu ta haska shi da tocilan daga ƙasa. Sai ga jijiyoyi ja-ja kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Tsigar jikina ta tashi, na ce Allahu Akbar! Wanda ta haska ya fito fayau ba komai, ta cire, ta ce shi ne zai zama ɓara-gurbi ya fashe ya ɓata sauran.

Washegari ban yi barcin safe ba. Kafin rana ta fito an share akurki an kwashe kashin an kai bayan gida don taki, an barbaɗa toka. A gindin mangwaro akwai wani rami da ta cika da toka da yashi, nan suke birgima su kakkaɓe ƙuma da ƙwarƙwata. Kaskon ruwa kullum sai an wanke, na 'yan tsaki kuma an zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su nutse. Su 'yan tsakin ba a sakinsu yawo sai sun yi wajen wata guda, suna ƙarƙashin babban kwando da uwarsu ana ba su tsaki da dusa, don ta ce yawancin asarar mai kiwo a nan take, ko shirwa, ko muzuru, ko sanyi, ko raɓa. Namansu kuwa gara ce. Tsohuwar tukunya take cusa wa karmami da busasshen kashin shanu ta yayyafa ruwa ta kife a kusa da suri, bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗauko ta cike da gara a zazzage musu. Ɓawon ƙwai ma ba ta zubarwa, takan gasa ta daka ta haɗa a dusa don masu yin ƙwai, saboda kada ɓawon nasu ya yi laushi.

Na ce, "To Gwaggo duk wannan na ji, amma me kike jiƙa musu da farin kashi bai shigo gidan nan ba?" Ta yi dariya ta ce, "Jira Yayanki."

Yayan nawa babban ɗan Mama ne, ya yi karatun lafiyar dabbobi, ƙauyen duk Malamin Dabbobi suke ce masa. Na taki sa'a ranar ce ranar ɗigo. Da hantsi sai ga shi a babur da 'yar kula mai ƙanƙara, mata da yara kuma suka fara shigowa da kaji a kwanduna, don tun dare aka sanar kowa ya tsare nasa. Kwalbar rigakafin 'yar mitsitsiya ce amma ba a yinta don kaza biyar, kuma in an haɗa ta ba ta kwana, shi ya sa matan suke karo-karo su saya tare. Aka ce in riƙe. Sai ka kama kaza ka karkata kanta, ya ɗiga ɗigo ɗaya a ido, ka jira ta ƙifta ya shige, shi ke nan. Har 'yan tsaki aka yi wa. Na riƙe sun fi 60, Mai-Tsiwa ta bar mini shaida a bayan hannu.

Muna yi yana yi mini bayani. Ya ce alamomin da na faɗa sun yi kama da cutar da likitoci ke kira Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gano ta tun wajen 1927. Ƙwayar cuta ce irin wadda kafso ba ya kashewa, balle barkono, kuma ta fi ɓarna a lokacin hunturu. Tana bin numfashi da kashin kaza, tana bin takalmi da kwando da hannun mutum, kaza kuma tana iya ɗauke da ita kwanaki kafin ta nuna, shi ya sa kasuwa, inda kajin garuruwa ke cakuɗuwa, ta zama matattararta. Ba ta da magani sai rigakafi, kuma lafiyayyu ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kwanta ba. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, musamman kafin sanyi ya shigo. Ya ce cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin irin wannan rigakafin, har da nau'in da ya fi jure zafi wanda ya dace da ƙauye. Akwai kuma Lasota da ake sawa a ruwan sha.

Ya lissafa mini wasu. Ƙurajen da ke fesowa a zanko da gefen ido sauro ne ke yaɗa su, sun fi yawa da damina, su ma suna da rigakafi. Kashi da jini a 'yan tsaki yawanci daga damshin akurki ne, wannan yana da magani in an yi hanzari. Gumboro kuma ƙananan kajin gidan gona ta fi kamawa. Sannan ya ja mini kunne cewa kazar da aka ba magani ba a cin ƙwanta ko namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Gwaggo ta sa baki ta tuno shekarar 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, nan kan hanyar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da wannan mugun nau'in a Afirka. Ta ce a watannin nan ko kyauta ka ba mutum kaza sai ya yi maka kallon maƙiyi. Yaya ya ce ita wannan tana iya kama mutum, kuma da ido ba a bambanta ta da Niyukasil, don haka in kaji suka fara zubewa a sanar da ma'aikatan dabbobi, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. Sai ya juyo ya ce, "Ƙanwata, naki da suka mutu ina kika binne su?"

Na yi shiru. Na ce a bola aka zubar.

Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce rami ake haƙawa mai zurfi a binne, ko a ƙone. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don bolar nan a nan kajin maƙwabciyarmu suke wuni suna tono. Sati uku ina fushi da wanda ya kawo cuta gidanmu bai sani ba, ashe ni da hannuna na aika da ita inda kajin marayu suke kiwo. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ran da zan dawo Yaya ya ɗauke ni a babur muka bi ta ƙofar cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wadda ake kira NAPRI, tana ƙarƙashin jami'ar. Ya ce tun 1928 ake kiwon gwaji a wurin, a 1976 ta zama cibiyar ƙasa. A nan aka samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, wadda aka yi wa rajista a shekarar 2000, an yi ta ne don ta jure yanayinmu. Na ji daɗi a raina, ashe akwai kazar da ke ɗauke da sunan garin da Gwaggona ke cefane. Na tambaye shi ko in koma irinsu. Ya ce ya danganta da abin da nake so. Kazar Hausa ƙwanta a shekara bai fi 40 zuwa 60 ba, don tana yi ne ta tsaya ta yi kwanci ta yi reno, amma tana nema wa kanta abinci tana kuma hayayyafa. Ta gidan gona tana iya ninka haka sau huɗu ko fiye, amma sai an saya mata abinci kullum, ga rigakafi kala-kala, kuma ba kasafai take kwanci ba. Na tuna Gwaggo na ce musu 'yan boko, wai sun iya aiki amma ba su iya reno ba. Na ce bari in tsaya a kan na gado tukuna har in iya.

Gwaggo ta haɗa mini sagaru huɗu a kwando, biyu 'ya'yan Mai-Tsiwa ne, duk an yi musu ɗigo. Da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, mai kiwo ba ya rasa asara. Amma in asara ta zo, ki fara duba hannunki kafin ki duba ƙafar wani. Gidan miji ma haka yake." Mama kuma ta cusa mini ƙullin daddawa ta ce in kai wa Kanawa su ji yadda miya take.

A motar dawowa ni ce mai kwando a ƙarƙashin kujera, wata 'yar gayu tana ta janye ƙafa tana toshe hanci, na ce a raina Allah sarki, jiya ni ce.

Da na iso, akurkin na fara kankarewa na wanke na ƙone tsohuwar shimfiɗar, na bar shi rana na dukansa. Baƙin kuma na sauke su a soron sama, nesa da ukun da suka tsira. Da sati biyu suka cika na ɗauki biyu na shiga gidan maƙwabciyarmu, na durƙusa na faɗa mata gaskiyar abin da na yi, na ce ta yafe mini. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Tashi, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Yanzu mu bakwai ne a layinmu muke karo-karon kwalbar ɗigo, ita ce ma mai tara kuɗin.

Littafin da kuke ta tambaya bai samu fitowa kafin azumi ba, sai ku ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah Ya yarda. Shi kuwa mutumin, ni na kira shi da kaina na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce to zai kawo wani zakaran ya wanke laifinsa. Na ce ya kawo, amma ya sani sati biyu zai yi a ƙarƙashin kwando kafin ya ga tsakar gida. Ya ce ba komai, shi ma ai shekararsa biyu a zaure yana jira.

'Yan'uwana mata masu 'yan kaji a gida, kafin hunturu mai zuwa ku nemi malamin dabbobi na kusa da ku, ku haɗa kai da maƙwabta, kuma ku tanadi kwandon baƙi. Allah Ya sa wa abin da muke kiwo albarka, Ya kare mu daga asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.